Daga ramin gawayi zuwa ajin masta: inda darussan farko na ilimin gudanarwa suka samo asali

Ɗalibin da ya gama lisans ya shiga masta ta fannin gudanarwa, wato abin da ake kira gestion da Faransanci, ko a Yamai yake ko a Tawa ko a Dakar, sunayen da zai fara cin karo da su kusan iri ɗaya ne: Taylor, Fayol, Weber, Mayo, Drucker. Kowane suna da jerin da ke biye da shi. Fayol na da ayyuka 5 da ƙa'idoji 14, Taylor na da ƙa'idoji 4. Ƴaƴanmu kuma ba a fi su hadda ba, sai su haddace, su zuba a takardar jarrabawa, su wuce. Abin da ba a cika gaya musu ba shi ne, kowane jeri daga cikin waɗannan amsa ce ga wata matsala da ta taso a wata ma'aikata takamaimai, kuma masu jerin ba su yarda da juna ba. Wanda bai san matsalar ba, da wuya ya gane ranar da amsar za ta yi masa amfani, ko ranar da za ta cuce shi. Iyayen da ke zuba ɗaruruwan jikkuna a wannan karatu, da malaman da ke shirya yara tun daga lise, ya kamata su san labarin.

An daɗe ana fatauci ana shugabantar mutane ba tare da an buɗe wa abin aji ba. Attajirin da ke da shaguna a kasuwar Maraɗi ya san yaransa ɗaya bayan ɗaya, ya san wa ke da amana, wa ke da ha'inci. Emmanuel Grégoire, wanda ya wallafa littafi a kan alhazan Maraɗi a 1986, ya nuna yadda harkarsu ta dogara a kan dangantakar ubangida da baransa. Wannan tsari yana aiki muddin idon mai gida na kaiwa ko'ina. Ilimin gudanarwa ya fara ne a ranar da harka ta fi ƙarfin idon mai ita, kuma wurin da hakan ya fara faruwa a fili shi ne layin dogo na Amurka.

A 1841 jiragen ƙasa biyu na kamfanin Western Railroad suka yi karo gaba da gaba a kan layi guda, mutum biyu suka rasu, wasu da dama suka ji rauni. Kamfanin ya duba ya ga ba wanda zai iya cewa ga takamaiman mai alhakin kowane yanki na layin. Daga nan aka raba layin kashi-kashi, aka rubuta aikin kowa da wanda zai kai wa rahoto. A 1855 Daniel McCallum, mai kula da layin dogo na Erie, ya sa aka zana tsarin kamfaninsa a takarda cikin siffar itace mai rassa. Zanen nan mai akwatuna da layuka da muke gani liƙe a bangon ofisoshi jikan wannan itace ne, kuma tambayar da aka yi shi don amsa ta ita ce: in abu ya ɓaci, wa za a tambaya?

Frederick Taylor, wanda aka haifa a Filadelfiya a 1856, ɗan masu hali ne, amma ya fara da koyon sana'a a gaban injin. A 1878 ya shiga masana'antar ƙarfe ta Midvale a matsayin lebura, ya yi ta hawa har ya zama babban injiniya. Abin da ya tsaya masa a rai tun yana cikin ma'aikata shi ne yadda suke jan ƙafa da gangan. Suna da dalilinsu kuwa. Ana biyansu gwargwadon abin da suka ƙera, amma duk lokacin da suka ƙara himma sai mai kamfani ya rage kuɗin kowane guda, su koma suna wahala biyu a kan lada ɗaya. Taylor ya ce tushen rigimar shi ne ba wanda ya san iyakar aikin da mutum zai iya yi a yini, don haka a auna. Ya ɗauki agogon ƙidayar daƙiƙa, ya rarraba kowane aiki zuwa ƙananan motsi, ya yar da motsin da ba shi da amfani, ya tsayar da hanya guda da kowa zai bi.

Labarin da ya fi yaɗa sunansa ya faru a kamfanin ƙarfe na Bethlehem, inda ya yi aiki daga 1898 zuwa 1901. Leburori na loda dunƙulen baƙin ƙarfe, kowane ya kai kilo 42, cikin taragun jirgi. A cewarsa, mutum guda kan loda tan 12 da rabi a yini. Ya zaɓi wani ƙaƙƙarfa da ya laƙaba wa suna Schmidt, aka riƙa gaya masa lokacin ɗauka da lokacin hutu, sai ya kai tan 47. Ladansa ya tashi daga dalar Amurka 1.15 zuwa 1.85 a yini. Duk ɗan lakwal da ya iya lissafi zai ga aiki ya ninka kusan sau huɗu, lada kuwa ya ƙaru da kashi 60 cikin ɗari kawai. Ma'aikata ma sun iya wannan lissafi. A 1911, shekarar da littafinsa kan gudanarwa ta kimiyya ya fito, maƙeran gidan makamai na Watertown suka yi yajin aiki saboda an tsaya a kansu da agogo, har majalisar Amurka ta kira Taylor ya yi bayani. A 1913 ma'aikatan Renault a Faransa suka yi nasu yajin a kan abu ɗaya. Daga baya kuma, a 1974, masu bincike biyu, Wrege da Perroni, sun koma ga takardun Bethlehem suka nuna Taylor ya ƙara wa labarin Schmidt gishiri sosai.

Duk da haka abin da ya bari ba ƙarami ba ne. A auna aiki kafin a yanke hukunci a kansa, a zaɓi mutum a horar da shi maimakon a jefa shi ya koya da ka, a ba shi kayan aikin da ya dace: waɗannan duka sun zauna. Abin da ya fi jawo masa suka shi ne raba tunani da hannu, ofis ya yi tunani, ma'aikaci ya yi abin da aka ce. Henry Ford ya kai wannan ra'ayi ƙarshe da layin harhaɗa motoci a 1913, kuma aikin ya gundure mutane har suna ta gudu, sai da ya ɗaga lada zuwa dalar Amurka 5 a yini a watan Janairu 1914 kafin su zauna.

Wanda ya fi shafar ɗalibanmu, tunda manhajarmu ta fi kusa da ta Faransa, shi ne Henri Fayol. An haife shi a Istanbul a 1841, ya fito daga makarantar injiniyoyin ma'adinai ta Saint-Étienne a 1860 yana da shekara 19, ya kama aiki a mahaƙar gawayin ƙasa ta Commentry a tsakiyar Faransa. A lokacin dawaki ne ke jan kekunan gawayi a cikin rami. A 1861 wani doki ya karye a ƙafa. Matashin injiniya ya rubuta takarda a ba da wani, mai kula da barga ya ƙi, don ba hannun darakta a kai. Darakta kuma ba ya nan, bai bar wa kowa wakilci ba. Haƙa ta tsaya a wannan sashe saboda doki guda da sa hannu guda. Fayol ya rubuta abin a littafinsa na ajiyar tunani, ya kuma tsayar a ransa cewa bai kamata iko ya yi tafiya tare da mai shi ba, dole kullum a sami wanda ke riƙe da shi a wurin. Duk wanda ya taɓa zarya a wani ofis ana ce masa shef ya yi tafiya, a dawo mako mai zuwa, ya san wannan doki.

Yana da shekara 25 aka ba shi shugabancin mahaƙar. Ya shafe shekaru yana fama da gobarar ƙarƙashin ƙasa, wadda gawayi ke kunnawa da kansa, har ya yi suna a wannan fanni. A 1888 aka naɗa shi babban darakta na kamfanin Commentry-Fourchambault gaba ɗaya, a lokacin da kamfanin ke daf da durƙushewa, gawayin Commentry na ƙarewa, masu hannun jari sun yi shekaru ba su ga riba ba. Ya rufe abin da ba ya biya, ya sayi mahaƙar Decazeville a 1892, ya riƙe kamfanin shekara 30, ya bar shi a 1918 yana tsaye da ƙafafunsa da dubban ma'aikata. Hujjarsa ita ce ramukan ba su canza ba, injuna da mutane ma haka, yadda ake tafiyar da su ne ya canza.

Sai da ya kai shekara 75 ya fitar da littafinsa, Administration industrielle et générale, a 1916, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko. A ciki ya kasa ayyukan kowane kamfani gida shida: ƙira, saye da sayarwa, neman kuɗi da sarrafa su, tsaron dukiya da mutane, lissafi, sai gudanarwa. Ya ce biyar na farko suna da makarantu da malamai, ta shida ce marainiya, alhali gwargwadon hawan mutum a muƙami, gwargwadon yadda ita ce ke cin lokacinsa. Ita ce ya fasa kashi biyar ɗin da ɗalibai ke taƙaitawa da haruffan POCCC: hangen gaba, tsara mutane da kayan aiki, ba da umarni, daidaita sassa su tafi tare, da bin diddigi a ga ko an yi abin da aka shirya. A bakin Fayol waɗannan ba kalmomin allo ba ne. Hangen gaba na nufin shirin shekara guda da na shekara 10 da ake rubutawa ana sabuntawa, abin da ya zama dole ga mai haƙar ma'adinin da ya san ramin zai ƙare wata rana. Daidaitawa kuma na nufin taron shugabannin sassa kowane mako, kowa ya faɗi inda ya tsaya a gaban sauran.

Ƙa'idoji 14 ɗin nan da ake sa yara su jero kamar sunayen watanni, shi mai su ya gargaɗi mai karatu cewa adadinsu ba tsayayye ba ne, kuma aiki da su magana ce ta sanin gwargwado, wanda sai gogewa ke bayarwa. Biyu daga ciki sun cancanci a tsaya a kansu. Ta farko ita ce kowane ma'aikaci ya karɓi umarni daga mutum guda. A nan Fayol ya yi karo da Taylor kai tsaye, ya kuma ambace shi da suna, domin Taylor ya ba da shawarar a ɗora wa ma'aikaci shugabanni takwas, kowane da fanninsa. Ɗalibin da ya rubuta su biyun a shafi ɗaya a matsayin iyayen tsohuwar mazhaba, bai lura suna jayayya ba, ya rasa abin da ya fi daɗi a darasin. Ta biyu ita ce bin matakan muƙami. Fayol ya yarda saƙo ya bi ta hannun na gaba, amma ya ga yadda hakan ke kashe aiki idan ma'aikata biyu na sassa daban sai takardarsu ta hau har sama ta sauko kafin su yi magana. Sai ya kawo abin da ya kira ƴar gada: su biyun su yi magana kai tsaye, da sanin shugabanninsu. Ya kuma soki yawan rubuce-rubuce tsakanin ofisoshin da ke maƙwabtaka, inda magana da baki za ta kashe zance cikin minti biyar. Ofisoshin da suka gaji tsarin Faransa sun riƙe matakan da kyau, gadar ce aka manta a hanya.

Akwai wani abu a littafin da ya shafi malaman lakwal musamman. Fayol ya nemi a koyar da gudanarwa a kowane mataki, kaɗan a firamare, a ƙara a sakandare, a zurfafa a manyan makarantu, domin a ganinsa gida ma ana gudanar da shi. Ya kuma yi ƙorafin an cika wa injiniyoyi kai da lissafi mai zurfi, ana yaye su ba su iya rubuta rahoto mai ma'ana ko jagorantar mutum goma ba.

Max Weber na Jamus, wanda ya rasu a 1920, ba shugaban kamfani ba ne, masanin zamantakewa ne. Ya bayyana tsarin ofis inda muƙami ba gadon gidan kowa ba ne, ana ɗaukar mutum da cancanta, ana aiki da rubutacciyar doka, ana raba aljihun ofis da na mai riƙe da shi. Yau kalmar birokrasi ta zama zagi, amma abin da aka yi ta don ta maye gurbinsa shi ne sanayya da ɗan wane. Shi kansa Weber bai ɓoye tsoronsa ba cewa tsarin zai iya zama keji.

Daga 1924 zuwa 1932 aka yi jerin gwaje-gwaje a masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric, kusa da Shikago, inda ake ƙera kayan wayar tarho. An fara da hasken fitila, a ga ko ƙara shi na ƙara aiki. Labarin da littattafai ke bayarwa shi ne an ƙara haske aiki ya ƙaru, an rage haske aiki ya sake ƙaruwa. A 1927 aka ware mata biyar masu harhaɗa ƙananan na'urori a ɗaki na daban, ana canza musu lokacin hutu da tsawon yini, ana tambayar ra'ayinsu, aikinsu ya yi ta hawa, har lokacin da aka janye hutun bai koma inda yake da ba. Elton Mayo, ɗan Ostareliya da ke koyarwa a Harvard, ya fassara wannan da cewa kulawar da aka nuna musu da zumuncin da ya ƙullu tsakaninsu ne suka yi aiki. Daga nan mazhabar dangantakar ɗan Adam ta fito.

Malami mai gaskiya zai ƙara wa ɗalibansa sauran labarin. An sauya wa matan tsarin biya, ladansu ya koma bisa aikin su biyar maimakon na babban sashe, don haka kuɗi ma na ciki. An cire biyu daga cikinsu a 1928 saboda ana ganin ba su ba da haɗin kai, aka kawo wasu. Alƙaluman gwajin fitila kuma, da masana tattalin arziki Levitt da List suka tono su suka sake dubawa a wani nazari da ya fito a 2011, ba su nuna abin mamakin da ake faɗa ba. A ganina gwajin ƙarshe ya fi sauran ƙarfi: maza 14 da aka sa wa ido daga 1931 zuwa 1932 sun tsayar wa kansu iyakar aikin yini, suna tsangwamar duk wanda ya wuce ta, ko da kuwa kamfani ya yi alkawarin ƙarin lada. Abin da Taylor ya gani a Midvale shekara 50 da suka wuce ke nan, yana nan bai gusa ba duk da agogo. A kowace ma'aikata akwai tsari na biyu da ba a zana a bango ba, kuma daraktan makarantar da ya taɓa kawo sabon jadawali malamai suka amsa da to, sannan ba abin da ya canza, ya riga ya gamu da shi.

Bayan yaƙin duniya na biyu sunaye suka yawaita. Peter Drucker, haifaffen Biyana, ya yi nazarin kamfanin General Motors daga ciki, sannan a 1954 ya yaɗa ra'ayin gudanarwa ta hanyar buri: shugaba da na ƙasa da shi su amince a kan abin da za a cimma, a bar wa na ƙasan zaɓin hanya. A 1960 Douglas McGregor ya nuna cewa shugaban da ya ɗauka mutane ragwaye ne zai gina tsarin da zai mai da su ragwaye. A wannan zamani ne kuma aka koma aka gano Mary Parker Follett, wadda ta rasu a 1933, ta kuma riga su duka cewa umarni ya fi karɓuwa idan halin da ake ciki ne ya wajabta shi, ba girman kan mai bayarwa ba.

Makarantun da ke koyar da waɗannan abubuwa suna da nasu tarihin. Makarantar kasuwanci ta Faris da yau ake kira ESCP ta buɗe a 1819, HEC da Wharton duka a 1881, Harvard ta buɗe shirin digirin MBA a 1908. Taylor ya riƙa zuwa yana ba da lacca a can, ko da yake yana shakkar a iya koyon abin a aji ba a gaban injin ba. Daga shekarun 1920 Harvard ta rungumi koyarwa ta hanyar labarin kamfani na gaske: a ba ɗalibi matsala ba tare da amsa ba, ya yanke shawara, ya kare ta a gaban ƴan ajinsu. A Faransa, cibiyoyin koyar da gudanarwa na cikin jami'o'i, IAE, sun fara a 1955 da himmar Gaston Berger, wanda aka haifa a Saint-Louis ta Senegal, shi ne ma jami'ar garin ke ɗauke da sunansa. Cibiyar CESAG ta Dakar, wadda ke ƙarƙashin bankin BCEAO, inda ƴan Nijar da yawa ke zuwa yin masta, ta wannan zuri'a ce.

Wanda ya fi girgiza jerin Fayol shi ne Henry Mintzberg na Kanada. Maimakon ya tambayi shugabanni me suke yi, sai ya bi manyan daraktoci biyar, kowane mako guda, yana rubuta duk abin da suka yi da tsawon lokacinsa. A littafinsa na 1973 ya ba da rahoton cewa rabin ayyukansu ba su kai minti 9 ba, ɗaya cikin goma ne kawai ya wuce awa guda, kuma mafi yawan lokacinsu a magana yake tafiya, taro da waya da masu shigowa ba sallama. Bai ga mutumin da ke zaune shiru yana hangen gaba ba. Ni dai ba na ganin wannan ya rushe Fayol. Fayol ya faɗi abin da dole a cimma, Mintzberg ya nuna cikin wane irin hayaniya ake cimma shi. Ɗalibin da aka ba na farko aka hana shi na biyu zai shiga ofis ya zaci ya faɗa wurin da ba a iya aiki ba.

A nan maganar ta dawo kan iyaye. Tsarin LMD ya sa yaro na gama lisans ana tura shi masta, sau da yawa don ba aikin yi, zaman gida kuma ba daɗi. Ba laifi ba ne, kuma takardar na da amfani wajen neman aiki. Sai dai Taylor ya yi shekaru a gaban injin kafin ya ɗauki agogo, Fayol ya yi shekara 56 a bakin aiki kafin ya fitar da littafi. Yaron da ya taɓa riƙe littafin shiga da fita na shagon kawunsa, ko ya raba aiki tsakanin leburori a gona lokacin girbi, ko ya tafiyar da ƙungiyar ɗalibai har aka yi masa bore, yana da abin da zai rataya darasin a kai. Idan malami ya ce kowa ya karɓi umarni daga mutum guda, zai tuna ranar da mai gida da ƙanensa suka ba shi umarni biyu masu karo da juna. Lokacin hutu da lokacin koyon aiki a kamfani su ne damar samun wannan, kuma bai kamata uba ya nema wa ɗansa wurin da za a sa masa hannu a takarda kawai ba tare da ya taɓa komai ba.

Mintzberg ya tafi nesa da haka. A littafinsa na 2004, Managers Not MBAs, ya ce koyar da gudanarwa ga wanda bai taɓa gudanar da komai ba na haifar da mutane masu ƙarfin zuciya a kan abin da ba su sani ba. Shirin masta da ya taimaka aka kafa a 1996 tare da wasu jami'o'i na ƙasashe daban-daban ba ya karɓar sabbin masu lisans, sai waɗanda ke riƙe da muƙami. Suna zuwa aji na ƴan kwanaki, su koma bakin aikinsu, sannan su dawo da matsalolin da suka tarar a can, a zauna a kansu.